Kumfar da ke cikin irin itatuwan mai: ƙwayar gado guda ce ke haifar da ita?

MaiTatsarMai:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Itatuwa da dama da ake tatsar mai daga irinsu suna barin tunkuza mai ɗaci, wadda idan aka jiƙa ta aka kaɗa sai ta tashi da kumfa kamar an zuba sabulu, kuma dabbobi ba sa son cin ta. Haka abin yake ga Camellia oleifera da ake nomawa a kudancin ƙasar Sin, da Madhuca ta Indiya, da kaɗanya, da aduwa, da itacen argan na Maroko. Masana suna kiran sinadarin da ke kawo wannan kumfa safonin. Ra'ayina shi ne, tun da hali guda ne yake bayyana a dukkansu, to lalle ƙwayar gado guda ce ke haifar da shi, kuma da masu inganta iri sun mai da hankali da tuni sun cire ta, tunkuzar ta zama abincin dabbobi ba tare da an sha wahalar wanke ta ba. Me ya hana a yi hakan?

Ɗalibar_Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga batun gado, ya kamata a raba safonin da sabulu, domin kumfa ce kawai ta haɗa su. Sabulu ana samun sa ne idan aka dafa mai ko kitse da soda, mutum ne ke haɗa shi. Safonin kuwa tsiro ne ke ƙera shi a jikinsa, kuma kowane ƙwayar sinadarinsa yana da ɓangare biyu: gangar jiki wadda ba ta son ruwa amma tana narkewa a cikin mai, da kuma sarƙar sukari da ke manne da ita wadda ke son ruwa. Wannan rabuwar hali ce ke sa ya tsaya a tsakanin ruwa da iska ya riƙe kumfa, ko ya tsaya a tsakanin ruwa da maiƙo ya ɗauke datti. Sannan ba sinadari ɗaya ba ne. Iri guda na Camellia yana ɗauke da nau'o'i masu yawa a gauraye, waɗanda suka bambanta a yawan sukarin da ke jikinsu da wurin da aka maƙala shi.

Malam_Gandu:
Bayanin da Malama ta yi shi ne mabuɗin amsar. Abin da ke da sassa da yawa ba inzayim ɗaya ke ƙera shi ba (inzayim furotin ne da ke gudanar da mataki guda na haɗa sinadari a jikin halitta), kuma kowane inzayim yana da ƙwayar gadonsa. Bari in bi hanyar daki-daki.

Tsiro yana farawa ne da ƙananan sinadarai masu kabon 5, waɗanda yake samarwa ta hanyar da ake kira mebalonet. Yana haɗa uku su zama mai kabon 15, sannan ya haɗa biyu na wannan su zama sukwalin, mai kabon 30. Wani inzayim ya ƙara masa iskar oksijin guda ɗaya. Har zuwa nan babu abin da ya keɓanta da itatuwan da ake magana a kansu, domin kowane tsiro yana bin wannan hanya, haka ma dabbobi da yis, saboda daga nan ne ake samun sinadaran sitirol da ke ƙarfafa fatar kowane tantanin halitta. Tsiron da aka toshe masa wannan sashe ba zai rayu ba.

Mararrabar tana mataki na gaba. Akwai dangin inzayim da ake taƙaita sunansu da OSC, aikinsu shi ne naɗe wannan dogon sinadari ya zama zobba. Ɗaya daga cikinsu yana naɗe shi ya zama saikulo'atinol, wanda ke kaiwa ga sitirol. Wani kuma yana naɗe shi ya zama bita-amirin mai zobba biyar, kuma wannan ne gangar jikin mafi yawan safonin na Camellia da Sapindus (itacen da ake wanki da 'ya'yansa) da kaɗanya. Bita-amirin shi kaɗai ba ya kumfa, kamar kakin zuma yake. Sai inzayim na dangin P450 sun ƙara masa oksijin a wurare daban-daban, misali dangin CYP716 da ke aiki a kan kabon na 28 su mai da shi asid ɗin oliyanolik. Bayan haka dangin UGT su maƙala sukari ɗaya bayan ɗaya, a wasu itatuwan kuma wani dangin ya ƙara ƙananan asid a gefe. Idan aka ƙirga, safonin guda ɗaya mai sarƙaƙiya yana iya buƙatar ƙwayoyin gado fiye da goma bayan mararrabar, ban da waɗanda suka gabace ta.

BaƙonZaure:
Ke nan hasashen Malam MaiTatsarMai ya rushe tun daga tushe, tun da ƙwayoyin gadon suna da yawa haka.

Mai_Zaɓen_Iri:
Bai rushe gaba ɗaya ba, ɗan'uwa. Yawan ƙwayoyin gadon da ke gina abu daban, yawan waɗanda za a taɓa domin a dakatar da shi daban. Sarƙa mai zobe ashirin, zobe ɗaya ake cirewa ta tsinke.

Misali mafi bayyana shi ne kinuwa, hatsin da ake nomawa a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, wanda bayan ƙwayarsa ke lulluɓe da safonin mai ɗaci. Manoma sun daɗe da sanin akwai nau'in da ba shi da ɗaci, kuma idan aka haɗa shi da mai ɗaci, rashin ɗacin yana ɓoyewa a zuriya ta farko ya sake fitowa a ta biyu kamar yadda halin da ƙwayar gado guda ke riƙe da shi yake yi. A 2017 masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya suka wallafa kundin gadon kinuwa, suka nuna cewa bambancin yana komawa ga ƙwayar gado da suka kira TSARL1. Ita ba inzayim take samarwa ba, makunni ce, furotin ɗinta ne ke umartar sauran ƙwayoyin gadon hanyar su fara aiki a cikin iri. A nau'in da ba shi da ɗaci ta samu tawaya, sai dukan hanyar ta yi sanyi.

A waken suya ma an samu makamancin haka ta wata fuska. Akwai rukunin safonin da ke kawo ɗaci da bauri, kuma a Japan an fitar da iri mai suna Kinusayaka wanda ba shi da wannan rukuni, alhali sauran safonin ɗinsa suna nan. Don haka tambayar Malam tana nan daram: idan an yi a kinuwa da waken suya, me ya hana a itatuwa?

Likitar_Dabbobi:
Ina so in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa tunkuzar ke da matsala, domin ba ɗaci kaɗai ba ne. Gangar jikin safonin tana manne wa sitirol da ke cikin fatar tantanin halitta, ta tattara shi wuri guda har fatar ta huje. Idan aka ɗiga shi a kan jini a cikin kwalbar gwaji, jajayen ƙwayoyin jinin suna fashewa, ruwan ya koma ja garau. Abin da ke ceton dabba mai ci ta baki shi ne hanji ba ya tsotsar safonin sosai, amma duk da haka yana ƙona bangon hanjin, yana rage cin abinci, kuma kaji da aladu sun fi shanu da tumaki jin jiki. Na taɓa duba garken kajin da aka ƙara musu irin wannan tunkuza a abinci ba tare da an wanke ta ba, abin da ya fara bayyana shi ne sun rage ci, girmansu ya tsaya, kashinsu ya yi ruwa.

Kifi kuwa ba shi da wannan kariya, saboda gaɓar da yake numfashi da ita tana taɓa ruwa kai tsaye. Shi ya sa a ƙasar Sin da kudu maso gabashin Asiya ake zuba tunkuzar Camellia a tafkunan kiwon jatan lande domin kashe kifayen da ba a so, jatan landen kuma ya tsira domin ya fi su jurewa nesa ba kusa ba. Ana amfani da ita wajen kashe katantanwa a gonakin shinkafa.

Malam_Gandu:
Abin da Likita ta faɗa shi ne rabin amsar tambayar Malam Mai_Zaɓen_Iri. Itacen ba don mu yake ƙera wannan sinadari ba, makaminsa ne, kuma an gwada abin da ke faruwa idan aka ƙwace masa shi.

Gwajin da ya fi shahara an yi shi ne a kan hatsin ot, a Cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Anne Osbourn. Saiwar ot tana ƙera safonin mai suna abenasin, wanda ke ƙyalli da shuɗin haske idan aka haska shi da fitilar UV. Sai suka sa wa iri sinadari mai jawo tawaya a ƙwayoyin gado, suka shuka, suka riƙa duba saiwoyi a ƙarƙashin fitilar suna ware waɗanda ba sa ƙyalli. A 1999 suka wallafa sakamakon: tsirran da suka rasa abenasin sun zama abin kamu ga wani fangas da ke ruɓar da saiwar alkama, wanda a da ba ya iya cutar da ot. Tun kafin nan, a 1995, an nuna ɗaya gefen al'amarin, wato nau'in fangas ɗin da ke iya kama ot yana da inzayim da ke yanke sukarin abenasin ya kashe masa dafi, kuma da aka lalata masa ƙwayar gadon wannan inzayim sai ya kasa kama ot, amma ya ci gaba da kama alkama.

Akwai darasi na biyu a cikin waɗannan tsirrai da ba a cika ambata ba. Waɗanda aka toshe musu hanya a tsakiya sun fi waɗanda aka toshe wa tun daga farko shan wuya, domin sinadarin da bai kammala ba yana taruwa ya cutar da tsiron kansa, saiwarsu ta gajarce ta lalace. Saboda haka ba kowane zobe na sarƙar ne za a iya cirewa lafiya ba.

MaiTatsarMai:
Na gode, Malam. To amma ni tunkuza ce damuwata, ba saiwa ko ganye ba. Shin ba za a iya barin itacen da makaminsa a ko'ina ba, a cire shi daga cikin ƙwayar irin kaɗai?

Injiniyan_Gona:
An yi irin wannan a auduga, ko da yake sinadarin ba safonin ba ne, gosifol ne, wanda yake hana kaji da mutane cin gurya. Tun a shekarun 1950 aka samu audugar da ba ta da gosifol ko kaɗan a dukan jikinta, amma manoma ba su karɓe ta ba saboda ƙwari sun yi mata ca. Sai a 2006 ƙungiyar Keerti Rathore a jami'ar Texas A&M ta nuna cewa za a iya kashe ƙwayar gado guda ta farkon hanyar a cikin iri kawai, ta hanyar ɗaura umarnin kashewar a kan makunnin da ba ya aiki sai a cikin iri. Ganye da saiwa suka riƙe gosifol ɗinsu. Ma'aikatar noma ta Amurka ta amince da wannan auduga a 2018, hukumar abinci da magunguna ta biyo baya a 2019. A duba tazarar, shekara 12 tsakanin gwaji da izini, ga tsiron da ake shukawa a girbe a damina guda.

Sai dai akwai bambanci. Irin auduga yana cikin ƙwanso ne har ya nuna. Irin Camellia oleifera yana kwashe kusan shekara guda a kan itace, har sabon fure yana tarar da 'ya'yan bara ba a tsinke su ba, kuma akwai ƙwaro mai dogon baki, Curculio chinensis, da ke huda 'ya'yan ya saka ƙwai, tsutsarsa ta cinye ƙwayar. An gano cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanjin wannan tsutsa suna taimaka mata wajen narkar da safonin. Idan ƙwaron da ya ƙware a kan wannan itace sai da taimako yake iya cin irin, to cire safonin daga irin buɗe ƙofa ne ga sauran ƙwarin da a yanzu ba sa kusantarsa.

Mai_Zaɓen_Iri:
Na yarda da Injiniya, kuma zan ƙara da wahalar da ke cikin itacen kansa. Camellia oleifera da aka fi nomawa a lardunan Hunan da Jiangxi da Guangxi tana da kuromosom (zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai) 90, wato kwafi shida na kowane ɗaya daga cikin 15. Ma'ana kowace ƙwayar gado tana iya zuwa sau shida. Tawayar da ke ɓoyewa, irin ta kinuwa, ba za ta bayyana ba sai ta shafi dukan kwafin, kuma samun haka ta hanyar haɗa iri a tsiron da ke ɗaukar shekaru kafin ya fara 'ya'ya aiki ne na tsawon rayuwar mutum. Ga kuma girman kundin: nau'in daji mai kwafi biyu da aka karanta a 2022 yana da haruffan DNA kusan biliyan 3, daidai da na ɗan Adam.

Abu na biyu, yawancin waɗannan itatuwa ba sa karɓar garin furensu, sai na wani itace. Ƙwayar da ake tatsa ɗan tayi ne, rabin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Ko da an samu itace guda marar safonin aka yaɗa shi ta hanyar aure, wato ɗaura reshensa a kan wani itace, idan ƙwari suka kawo garin fure daga itacen maƙwabta mai cikakkiyar ƙwayar gado, ƙwayar irin za ta iya komawa ɗacinta.

Ɗalibar_Kimiyya:
Wannan batu na uwa da uba bai shafi dukan itatuwan daidai ba, Malam. A Sapindus mukorossi safonin yana taruwa ne a cikin ɓawon 'ya'yan, man kuma yana cikin ƙwallon. Ɓawo jikin uwa ne zalla, babu gadon uba a cikinsa, don haka itacen da aka zaɓa saboda yawan safonin zai riƙe halinsa ko wane itace ne ya ba shi garin fure. A Xanthoceras sorbifolium ta arewacin Sin ma an fi neman safonin a cikin ƙwanson 'ya'yan. A irin waɗannan babu rikici tsakanin mai da kumfa, kowanne da ɗakinsa, kuma masu bincike a can ƙoƙarinsu na ƙara safonin ne, ba rage shi ba.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Ni ma abin da nake son faɗa ke nan. Ana ta maganar cirewa kamar sharri ne, alhali akwai safonin da ya fi man daraja. Daga ɓawon itacen Quillaja saponaria na ƙasar Chile ake samun QS-21, wanda ake sa wa a allurar rigakafi domin ya zaburar da garkuwar jiki. Yana cikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, kuma rigakafin R21 da ta amince da shi a 2023 yana ɗauke da wani haɗin safonin daga itacen nan. Da yake sai an ɓare itatuwa ake samun sa, an bi diddigin ƙwayoyin gadonsa. An wallafa kundin gadon itacen a 2023, a 2024 kuma ƙungiyar Norwich ta kammala hanyar mai mataki 20 a cikin ganyen wani dangin taba, sannan ƙungiyar Jay Keasling a Berkeley ta ƙera shi a cikin yis da inzayim 38 da aka ɗebo daga halittu shida.

Aduwa ma da Malam MaiTatsarMai ya ambata tana da diyosjenin, sinadarin da Russell Marker ya mai da shi homon ɗin furojestaron a shekarun 1940, ko da yake shi daga doyar daji ta Meziko ya samo nasa. Kuma tun a 1933 aka ruwaito daga Sudan cewa 'ya'yan aduwa suna kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Malam_Gandu:
Gyara biyu, Hajiya. Quillaja ba itacen mai ba ne, ko da yake hanyar da aka gano a cikinsa tana haska na sauran, domin gangar jikin safonin ɗinsa daga bita-amirin take. Na biyun ya fi muhimmanci ga tambayar farko: aduwa ba ta cikin layin Camellia da kaɗanya. Safonin ɗinta na gidan sitiroyid ne, mai kabon 27, wanda ya bi ta ɗaya reshen mararrabar da na bayyana, ta kan kolestarol. Ke nan itatuwa biyu suna iya ba da kumfa iri ɗaya a ido, amma ƙwayoyin gadon da suka yi aikin sun rabu tun daga mararrabar.

Ko a cikin gida ɗaya ma ba a tsira daga wannan ba. A 2019 aka nuna cewa hulba da wani tsiron daji na Asiya mai suna Paris polyphylla duka suna ƙera diyosjenin, amma inzayim na biyu da ke rufe zoben ƙarshe ya fito daga dangin P450 daban-daban a kowannensu. Kowanne ya kai ga sinadarin ta hanyarsa. Wannan, a ganina, shi ne inda ra'ayin Malam MaiTatsarMai ya fi rauni: kamannin hali ba hujjar gado ɗaya ba ne.

BaƙonZaure:
Idan haka ne, ta yaya masu bincike ke gano ƙwayoyin gadon a cikin dubban da itace ke da su, tun da ba za su iya dogara da na wani tsiro ba?

Ɗalibar_Kimiyya:
Hanya ɗaya ita ce duba maƙwabtaka. A wasu tsirrai ƙwayoyin gadon hanya guda suna zaune jere a kan kuromosom ɗaya. Na abenasin guda 12 ne a kusa da ƙarshen kuromosom na farko na ot, kamar yadda aka nuna a 2021. A 2023 da aka karanta kundin gadon Aesculus chinensis, wanda dangin Sapindus da Xanthoceras ne, an samu irin wannan tari da ya ƙunshi inzayim mai naɗe zobba, da na dangin CYP716, da mai maƙala sukarin farko, da masu ƙara ƙananan asid, waɗanda tare suke kaiwa ga safonin mai suna esin. Wanda ya samu ɗaya a irin wannan tari ya samu sauran a gefensa. Ga mai zaɓen iri kuma tarin yana gaduwa kusan a dunƙule, sai ya yi kama da ƙwayar gado guda, wanda ya ɗan dawo da mu kusa da hasashen Malam MaiTatsarMai.

Mai maƙala sukarin farkon nan abin mamaki ne. An daɗe ana neman sa a cikin dangin UGT ba a samu ba, sai a 2020 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a kan alayyafon Turawa ɗaya a kan waken suya da dangoginsa, suka gano ashe ɗan gidan inzayim masu ƙera zaren bangon tantanin tsiro ne da aka karkatar zuwa wani aiki. Safonin na Camellia ma asid ɗin gulukuronik ne sukarinsa na farko a kabon na 3.

Ma'aikacin_Ɗakin_Gwaji:
Ina so in ja hankali a kan ɗaya hanyar, domin ita ce ta fi yawa a rubuce-rubucen da ake yi a kan itatuwan mai, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana ɗebo iri a matakan girma daban-daban, a auna safonin, a auna ƙwayoyin gadon da ke aiki a kowane mataki, sannan a fitar da jerin waɗanda aikinsu ya tashi tare da safonin. Wannan jeri na waɗanda ake zato ne kawai. Lokacin da iri ke cika, ɗaruruwan ƙwayoyin gado suna tashi tare, na mai da na furotin da na bushewa, kuma dangin P450 da UGT kowanne yana da 'ya'ya ɗaruruwa a tsiro guda.

Tabbaci ba ya samuwa sai an ciro ƙwayar gadon an sa ta a yis ko a ganyen taba tare da waɗanda suka gabace ta a hanya, an ga sabon sinadari ya fito a na'urar awo. A aikin da nake yi, yawancin waɗanda suka zo a saman jeri ba sa nuna komai idan aka gwada su haka, wani lokaci kuma wadda ke can ƙasa ce ke yin aikin. Duk wanda ya karanta cewa an gano ƙwayoyin gadon safonin a wani itace, ya duba ko an kai ga wannan mataki.

MaiTatsarMai:
Wata tambaya ta taso mini daga bayanin Malam_Gandu. Idan safonin yana kai kashi 10 cikin 100 ko fiye na tunkuzar Camellia, kuma daga kabon ake gina shi kamar yadda ake gina mai, shin toshe hanyarsa ba zai ƙara yawan man ba? Idan zai ƙara, to ribar ta zama biyu.

Malam_Gandu:
Dukansu daga sinadarin asetil-CoA suke farawa, amma ba a wuri ɗaya ba. Ana gina asid ɗin mai a cikin filastid, wani ɗan ƙunshi mai fatarsa a cikin tantanin halitta, hanyar mebalonet kuma tana waje da shi, kuma asetil-CoA ba ya ratsa wannan fata, kowane ɓangare yana samar da nasa. Don haka kabon ɗin da aka hana safonin ba kai tsaye zai zuba cikin mai ba, yana iya tafiya ga sitaci ko furotin ko ya koma wani sashe na itacen. Inda suke haɗuwa shi ne can baya, a sukarin da ganye ke aikowa. Akwai togiya a Xanthoceras, domin man da ke cikinta yana ɗauke da asid ɗin nabonik mai kabon 24, kuma tsawaita asid ya wuce kabon 18 ana yin sa ne a wajen filastid, daga rumbun da safonin ke ɗiba.

Injiniyan_Gona:
A nan ban gamsu gaba ɗaya ba, Malam. Rabuwar wuri gaskiya ce, amma iri yana da iyakar sukarin da yake samu, kuma sarƙar sukarin da ke jikin safonin ita kanta nauyi ce babba. Abin da zai raba gardama shi ne a auna mai da safonin a itatuwa masu yawa da aka yaɗa ta aure, a gonaki daban-daban, na shekaru a jere. Dole a maimaita, domin safonin ba gado kaɗai ke juya shi ba. Homon ɗin jasmonet da tsiro ke fitarwa idan ƙwaro ya cije shi yana kunna makunnan hanyar, kamar TSAR1 da TSAR2 da aka bayyana a tsiron Medicago truncatula a 2016. Itacen da ƙwari suka dama a shekarar awo zai iya nuna safonin fiye da ɗan'uwansa mai gado iri ɗaya da shi.

Likitar_Dabbobi:
Kuma a kula da abin da ake aunawa. Tsayin kumfa a cikin kwalba ba ma'aunin dafi ba ne. Safonin mai sarƙar sukari guda ɗaya yakan fi mai sarƙa biyu fasa jini, kuma ƙananan asid da ke gefensa suna sauya ƙarfinsa ƙwarai. A 2011 an bayyana wani Medicago da ya rasa inzayim CYP716A12, wanda ya daina ƙera safonin masu fasa jini amma ya ci gaba da ƙera ɗaya rukunin. Ga mai kiwo, tunkuza irin wannan ita ce abin nema, ko da tana kumfa. Saboda haka ni ba zan nemi a kashe makunnin gaba ɗaya ba, zan nemi a gano wane inzayim ne ke mai da safonin na Camellia ko na Madhuca mai cutar da hanji, a taɓa shi kaɗai.

Mai_Zaɓen_Iri:
Matsalar shawarar Likita ita ce abin da ke huda hanjin kaza shi ne ke huda hanjin tsutsa da fatar fangas, domin sitirol ɗin duka yake kamawa. A tsiron Barbarea vulgaris an ga nau'in da ke ƙera safonin na hedarajenin yana kore wasu ƙwari, nau'in da ke ƙera wani safonin daban kuma ƙwarin suna cin sa, alhali dukansu safonin ne. Hedarajenin kuwa shi ne gangar jikin mafi yawan safonin na Sapindus, kuma oksijin ɗaya a kabon na 23 ne ya raba shi da asid ɗin oliyanolik. Wanda ya rage dafin ga kaza ya shirya ƙara feshi a gona, sai ya lissafa ko kuɗin feshin ya fi kuɗin wanke tunkuzar da ruwa ko da sinadarin etanol, wanda a ƙarshensa ma ana sayar da safonin da aka wanke.

Ma'aikacin_Ɗakin_Gwaji:
Wannan lissafi zai bambanta daga itace zuwa itace. Kaɗanya da argan da Madhuca dangi ɗaya ne, Sapotaceae, kuma safonin ɗinsu an gina shi a kan asid ɗin furotobasik, wanda ya bambanta da na Camellia a wuraren da aka sa oksijin. An wallafa kundin gadon kaɗanya a 2021, kuromosom ɗinta 24 ne, kwafi biyu kawai, don haka matsalar kwafi shida da Malam Mai_Zaɓen_Iri ya ambata ba ta taso a nan ba. Abin da ya rage mata shi ne jinkiri, domin kaɗanyar da ta tsiro daga iri takan haura shekara 10 kafin ta fara 'ya'ya. A irin wannan itace amfanin sanin ƙwayoyin gadon shi ne a ɗauki ganyen ƙaramin dashe a karanta DNA ɗinsa, a san irin safonin da zai ƙera tun yana cikin leda, a zubar da waɗanda ba a so kafin su ci fili.